Shekarar da Aka Mai da Ni Angon Ruwa

A Yelwa aka haife ni, in ka tsaya ƙofar gidanmu kana jin hayaniyar masu kifi a bakin ruwa, amma har na tsiro gemu ban iya iyo ba. Laifin ba nawa ba ne, kuma ko yau ba zan karɓe shi ba. Inna mutuniyar tudu ce, daga wani ƙauye can bayan Shanga aka auro ta, inda ruwa mafi girma da ta sani shi ne na rijiya. Ni kaɗai ne ɗanta namiji da ya tsaya, babanmu kuma ya rasu tun ina ƙarami, don haka ba mai tsawata mata. Doka ta sa mini: in sha ruwa, in yi wanka da kwano a bayan ɗaki, in yi alwala da buta, amma kada ƙafata ta taɓa kogi. Sa'o'ina na tsalle daga kan jirage suna faɗawa ruwa tsirara, ni ina tsaye kan tudu ina tsaron rigunansu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne akwai wani yaro a gidan da dokar ba ta hau kansa ba. Ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, aka kawo shi riƙo wurin Inna. Shi da yake ɗan wani ne sai aka sakar masa mara, ya wuni cikin ruwa ya dawo idonsa jawur, ba mai ce masa uffan. Da muka girma ya zama dillalin kifi, har ya sayi ƙaramin kwalekwale nasa. Ni kuwa na tafi kwalejin horon malamai, na dawo da takardar shaida da tsoron ruwa.

Lokacin Sakkwato ce babban birnin jiharmu, ba a yanke Kebbi ba tukuna, kuma in aka tura ka aiki wani wuri ba ka da bakin musu. Aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Ngaski, wanda hanyarsa mafi sauƙi ta jirgi ce. Duk ƙarshen mako sai in bi jirgin 'yan kasuwa in dawo gida. Nakan zauna a tsakiya, in riƙe katakon zama da hannu biyu, in yi ta karanta abin da ya sawwaƙa har mu sauka.

Wata rana wajen ƙarshen damina muna tsakiyar tafki, inda kogin ya buɗe ya yi faɗi, iska ta taso, injin ya mutu, ruwa ya fara shigowa ta gefe. Matuƙin ya ce kowa ya shirya. Na zaci za a yi ihu, sai na ga kowa ya kama shiri kamar masu haramar fita gona. Maza suka tuɓe riguna suka naɗa a ka, mata suka ƙara tamke zane, masu goyo suka tura jariransu sama wajen wuya. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa da ke kusa da ni ta dube ni, ta dubi hannuwana a kan katako.

Ta ce, "Malam, kai wa za shi ɗauke ka?"

Ba ta jira amsa ba. Ta juya suka fara shawara da sauran matan a kaina, ina ji, kamar yadda ake shawarar wanda zai ɗauki buhun da ya yi saura. A ƙarshe wata mai goyo ta ce za ta iya ja na, muddin ba zan shaƙe mata wuya ba. Allah ya sa iskar ta wuce, injin ya tashi, ba wanda ya jiƙe sama da gwiwa. Amma na sauka jirgin nan ina jin da ma ya kife, da na huta da kallon da matan suka bi ni da shi, wanda ba na raini ba ne, na tausayi ne, kuma shi ya fi ciwo.

Ba a daɗe ba sabuwar shekarar Musulunci ta kama. A kwaleji na ga wasu abokan karatunmu in watan Janairu ya zo sukan ce bana za su bar kaza, za su fara kaza, ina yi musu dariya. A gidanmu ba a san wannan ba. Abin da aka sani shi ne cika-ciki: a dafa jelar ragon layya da aka adana, a yi tuwo mai yawa, kowa ya ci har ya ture, don kada shekara ta same shi da yunwa. Muna cikin cin tuwon nan, ni da taubashina a kwano ɗaya, Inna da 'yan'uwana mata a gefe, na ajiye loma na ce ina da magana. Na ce na yi niyya, in Allah ya yarda, kafin wani cika-cikin ya zagayo zan koyi iyo.

Yayyena suka ɗago. Babbar yayata ta ce yau cika-ciki aka ce, ba cika-baki ba. Ƙaramar ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce gemu ba ya hana ilimi. Taubashina kuwa ya ci gaba da tsotsar ƙashi, sai da ya gama tsaf ya dubi Inna da fuskar jimami.

Ya ce, "Gwaggo, wanga ba shi ka magana ba. Ruwa ka kiranai. Wata 'yar ruwa ta gane shi cikin jirgi ta yaba, ga shi fari, ga alli ga hannu. Ku dai shirya lefe, mun samu angon ruwa."

Yayyena suka tuntsire da dariya. Ni ma na yi yaƙe, don ba a fushi da taubashi. Duk abin da ya faɗa maka wasa ne, in ka ɓata rai kai ne abin dariya, kai ne wanda bai san zumunci ba. Wannan al'ada na so in san wanda ya ƙago ta, don na tabbata shi ma wani ya so ya zaga ba tare da an mare shi ba. Inna kaɗai ba ta yi dariya ba, ta tattara kwanoni ta shige ɗaki.

Asabar ta gaba na sayi gajeren wando a kasuwa, na yi sammako na nufi wani lungu ƙasa da kwata, wato inda jirage ke tsayawa ana cinikin kifi. Na rataye rigata a reshe, na yi bisimilla na shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Na ɗaga ƙafafuna kamar yadda na ga ana yi, na nutse, na kurɓi ruwa, na fara fafutuka. Da an ba ni numfashi ɗaya da na miƙe tsaye, don ƙasa na nan ƙarƙashina ba inda ta je. Ban samu wannan numfashin ba. Sai ji na yi an cafki wuyana da ƙugun wandona, aka wurga ni cikin kwalekwale a kan tarwaɗa masu rai. Wani ya hau cikina yana dannawa, wani ya kama kunnena yana kiran salla a ciki.

Da na samu bakin magana na ce su sake ni, lafiyata ƙalau, koyon iyo nake yi. Suka dubi juna. Babbansu, wani dattijo Basarke, masunci na gado, mai furfura har a gira, ya girgiza kai.

Ya ce, "Haka nan dut waɗanda taka kira suka cewa, Malam. Allah shi sawwaƙa."

Na yi bayani har muryata ta dushe. Sai daga baya na gane inda gizo ke saƙa. A wurin mutanen nan iyo ba abin koyo ba ne. Ba wanda ya tuna ranar da ya koya, kamar yadda ba wanda ya tuna ranar da ya fara tafiya. Mutum ko dai ya tashi da shi, ko kuwa ya zauna tudu ya riƙa sayen kifi. Babba mai gemu ya shiga ruwa ba taru a hannunsa, ba sabulu, ba abin da ya faɗa masa ciki da zai ɗauko, to wannan ba shi ya kai kansa ba. Ga kuma maganar taubashina da ta riga ni isa kwata, yana ba da ita ana dariya, masu ji na ɗauke dariyar suna ajiye sauran. Aka rako ni gida da rigata a hannu, ina ƙarnin kifi, mata na leƙowa ta kan katanga.

Washegari Inna ta yafa mayafi, ta ƙulla goro a ganye, ta tafi kwata, ita da ko kifi aike take yi a sayo mata. Yayata ta ba ni labari cewa ta durƙusa gaban dattijon nan tana kuka, ta ce ɗanta ɗaya ne, ta ba su amanarsa, duk inda suka gan shi kusa da ruwa su taimake ta. Masunta kuwa in ka ba su amana ka gama. Daga ranar na zama abin tsaro. In na tsuguna bakin ruwa zan yi alwala, sai in ga jirage biyu sun juyo da kai wajena a hankali. In na tsaya kallon faɗuwar rana, wani zai bar gyaran komarsa ya zo ya tsaya kusa da ni yana tambayata ya makaranta.

Na ce to, Yelwa ta ƙi, bari in gwada can inda nake koyarwa. Ashe labari ya fi ni saurin jirgi. Masu sayen banda sun kai shi har da ƙari: wai an gan ta, doguwa ce, gashinta har gadon baya, wai ta riƙe ƙafata sai da mutum huɗu suka taru suka ƙwace ni. Hedimasta ya kira ni ofis ya rufe ƙofa, ya ce shi ɗan boko ne bai yarda da camfi ba, amma dai in riƙa karanta Ayatul Kursiyyu. Na gwada shiga ruwa a bayan ƙauyen, matan da ke wanki suka yi kururuwa, aka sake tsamo ni daga ruwan da bai wuce cibiyata ba. Na sake gwadawa a wani wuri, aka sake tsamo ni. Ban taɓa jin wanda aka ceta da yawa kamata ba, kuma ban taɓa kusa da mutuwa ba ko sau ɗaya, in ban da ranar da wani mai ƙarfi ya danna mini ciki har na ga duhu.

Wulaƙancin da ba zan manta ba shi ne na jirgi. Matuƙin nan da na saba bi ya ce ba zai ɗauke ni ba sai da sharaɗi, don ba zai iya haɗa ido da mahaifiyata ba in na yi tsalle a tsakiyar tafki. Sharaɗin shi ne igiya. Ya ɗaura mini ita a ƙugu, ya ɗaure ɗaya bakin a katakon zama, kuma igiyar da yake ɗaure awakin 'yan kasuwa ce, da warinta da komai. Na ce masa ya yi tunani, in jirgin ya kife fa, ya ɗaure ni a jikinsa ke nan mu nutse tare. Ya ce jirginsa bai taɓa kifewa ba, amma wadda ke kirana ta saba ɗauka. Haka na yi ta ƙetare tafkin nan duk lokacin sanyi, malamin makaranta da biro a aljihu, a ɗaure kusa da akuya, iyayen ɗalibaina na yi mini sannu.

A gida kuma ba hutu. Rubutu na sha shi har haƙorana suka fara sauya launi. Inna ta samo tazargade tana zuba mini a ruwan wanka, tana turara ɗakina da wasu saiwoyi masu sa hawaye. Na ce mata Inna, ni fa na faɗi abin nan da bakina gaban kowa, niyya ce na ɗauka, ba wanda ya kira ni. Sai ta ce to, Allah ya ba da lafiya, ta miƙo mini ƙoƙo. Akwai gidan da nake zuwa zance a lokacin, har manya sun fara gaisawa. Aka fara ce mini yarinya ta yi barci, tun rana ba ta faɗi ba. Daga baya kawunta ya tare ni a hanya ya ce kada in ga laifinsu, ba wanda zai ba da ɗiyarsa ga mutumin da aka riga aka yi wa kamu a ƙarƙashin ruwa. Kafin azumi aka ɗaura mata aure da wani mai shagon kayan keke. Na ji zafin wannan ƙwarai, kuma ban samu wanda zan huce a kansa ba. Da na tari taubashina da maganar, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce ai gara haka, amaryar ruwa ba ta son raini.

Shekara ta raba tsakiya ban iya ko kwanciya a kan ruwa ba. Na fara tunanin ko in haƙura. Abin da ya hana ni shi ne in na bari, za a ce rubutu ya yi aiki, ta sake ni. Wato ko na shiga ruwa nasu ne, ko na fasa nasu ne. Wannan ya sa na ƙara cije baki.

Da bazara ta shigo tafkin ya fara ja da baya kamar yadda ya saba, yana barin laka mai kyau inda ake shuka albasa. Wata rana bayan an tashi makaranta na bi ta cikin gonakin nan don kawai in yi nisa da masu yi mini sannu. Can bayan wani tudu na tarar da wani kududdufi da ruwa ya bari, mai faɗi, ciyawa ta kewaye shi, ba a hango shi daga tafki. Wani mutum daga cikin Gungawa, mutanen tsibiran kogin, na ɗibar ruwa da ƙwarya yana watsa wa albasarsa. Na yi masa sallama, na ce ina neman izini in riƙa shiga ruwan nan ina koyon iyo. Na tsaya ina jiran ya kira salla a kunnena. Ko ɗagowa bai yi ba.

Ya ce, "Ba ruwana. Kak ka dai taka min albasa."

Duk shekarar nan ba wanda ya yi mini alheri kamar mutumin da ya ce ba ruwansa, alhali kuwa ruwan nasa ne. Ban san ko ya ji labarina ba, ban tambaye shi ba. Bai koya mini komai ba, bai ba ni shawara ba, kuma na tabbata da na nutse sai ya gama layin da yake kai kafin ya duba. Na sayi gora irin wadda masunta ke hawa, na ɓoye ta cikin ciyawa. Kullum bayan la'asar sai in zo in kifa ƙirjina a kanta in yi ta harba ƙafa. Ruwan ɗumi ne, yana warin laka, kwaɗi na kallona. Matsattsaku suka sha jinina har suka gode Allah, nakan zauna bakin kududdufin in yi ta ɓamɓare su daga ƙwaurina. Na kurɓi ruwan nan ba iyaka. Amma in na nutse ni ke tashi da kaina, in yi tari, in share ido, in koma. Ashe abin da nake nema ke nan tun farko, a bar ni in nutse kaɗan.

Ranar da abin ya zo ban ma san ya zo ba. Gorar ce ta suɓuce daga ƙirjina, iska ta tura ta tsakiya, na bi ta ina zaginta. Ina miƙa hannu tana matsawa, ina miƙawa tana matsawa. Da na kama ta na sauke ƙafa don in tsaya, sai na ji ba ƙasa. Na waiwaya na ga inda na baro. Na ƙwala wa mai albasa kira na ce ya duba, ya duba inda nake. Ya duba, ya ce ina dama masa ruwa, in koma can gefe.

Aka cire albasa, mutumin ya tafi abinsa, damina ta sauka ta ƙara wa kududdufin zurfi. Na bar gora. Na koyi kwanciya rigingine, na koyi nutso in ɗebo laka a hannu, na koyi zagaya ruwan ba tare da na huta ba. Ban gaya wa kowa ba, na ci gaba da miƙa ƙuguna ana ɗaurewa a jirgi. Sai bayan babbar salla, da na ga shekara ta zo gangara, na je na sami taubashina a kwata yana cinikin giwan ruwa. Na ja shi gefe na ce ba wasa ya kawo ni ba. Na ce shi ya ƙulla, shi zai kwance. Gobe da hantsi, lokacin da kwata ta cika, zan shiga ruwa daga nan in je in taɓa babban jirgin dakon kaya da ke girke can ciki in dawo. Aikinsa ya bi ni da kwalekwalensa ya kore mini masu ceto. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ba alamar dariya a fuskata, ya ce in na mutu shi zai gaji rediyona. Na ce na yarda.

Da hantsi na tuɓe riga gaban jama'a. Ruwan tafki ba na kududdufi ba ne, yana da sanyi a ƙasa kuma yana ja. Ina shiga aka fara salati, jirage suka yunƙuro. Taubashina ya miƙe tsaye cikin kwalekwalensa yana jujjuya filafili sama, yana cewa duk wanda ya taɓa ni sai ya fasa masa kai, bawansa ne, shi ke da iko da shi. Wannan karon bakinsa ya yi mini rana, suka tsaya suna kallo. Na yi ta jan ruwa, igiyar ruwa na marina a fuska. A rabin hanya numfashina ya sarƙe, na juya rigingine na huta ina kallon sama, na ji mata na cewa shi ke nan ta ɗauke shi. Na juyo na ci gaba. Na taɓa jikin jirgin nan da tafin hannu, na buga shi da ƙarfi don kowa ya ji, na juyo. Da ƙafata ta taɓa yashi na miƙe ina haki, na dubi mutanen kwata ina jiran abin da na wahala dominsa.

Dattijon masuntan ne ya fara magana. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin babba ya koyi ruwa ba, kuma wannan ma bai gani ba. Ya ce kowa ya lura da yadda na kwanta rigingine a tsakiyar ruwa kamar mai kwance bisa tabarma, to wa ya shimfiɗa tabarmar? Ita ce ta tallafe ni daga ƙasa, ta kai ni ta dawo da ni, alamar an daidaita ke nan. Jama'a suka ce ƙwarai, haka ne. Wata mata ta ce dama ta ga wani abu fari yana bina. Wani ya matso ya riƙe hannuna da ladabi, ya ce in na sake zuwa wurinsu in yi masa maganar tarunsa, kwana biyu ba ya kamu.

Na nuna musu tabon matsattsaku a ƙafata. Na ba su labarin kududdufi da gora da mai albasa. Suka saurara da kyau, suka ce ai dole in faɗi haka, irin wannan sirri ba a tona shi. Taubashina na zaune cikin kwalekwalensa yana dariya har da hawaye. Wata da watanni ina shan laka, a ƙarshe aka ɗauki wahalata aka ba wata wadda ba ta taɓa wanzuwa ba. Na ɗauki rigata na wuce, ko sa ta ban tsaya yi ba.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Labari ya riga ni, na gani a fuskarta. Na tsaya a kanta wandona na ɗiga, na ce na cika niyyata, na je na dawo da hannuna da ƙafata, kuma ga abin da mutanen kwata ke faɗi. Na ce tunda ita ta kai musu goro ta ce ana kirana, sai ta koma ta gaya musu ta gane kuskure ne, ko a samu mutum ɗaya ya yarda.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wane kuskure? Ni na san babu wadda ka kiranka. Wace aljana za ta rasa miji duk faɗin ruwan ga sai kai, da ko kifi ba ka iya gyarawa?"

Na ce, "Inna, tun yaushe kika sani?"

"Tun randa ɗan'uwanka ya hwaɗe ta. Ni na rene shi, ban san ƙaryatai ba? Amma idona biyu na, ƙahwata biyu. Ba ni iya tsaron bakin ruwa tun daga Yelwa har Wara. Da na ce musu ɗana na son koyon iyo, dariya za su yi su ƙyale ka. Da na ce ana kiranka, kowa ya aje aikinai ya dube ka."

Na ji kaina ya yi zafi. Na lissafa mata rubutun da na sha, da hayaƙin da na shaƙa, da igiyar awaki, da iyayen ɗalibaina da ke kallona a ɗaure. Na ce yarinyar nan fa, da aka hana ni saboda wannan magana, ita Inna tana ji tana gani ta yi shiru. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

Ta tsince wata tsakuwa ta jefar, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Igiya ba ta kashe kowa ba, mata kuwa ba su ƙare ba. Gara a ce ɗana ya taɓu, da a aiko in taho bakin ruwa in duba ko shi na."

Ban huce ba. Har yau da nake rubuta wannan, ita tana ƙasa ni ina da jikoki, in na tuna sai in ji raina ya ɓaci, in yi mata addu'a raina na ɓace. Ba ta tambaye ni nisan da na yi ba, ba ta ce sannu ba. Cewa ta yi in matsa, ina jiƙa mata shinkafa.

Da safe na fito zan tafi masallaci na gan ta ta yafa mayafi, da ƙullin goro a hannu. Na tambaye ta ina za ta. Ta ce kwata. Ta ce lokacin da ban iya ba, iyakata gefe, yanzu da na iya ne zan yi nisa.